Ƙyastun harsashi: idan aka sa na magnum a gurbin na kullum

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya zo ganin iyayensa daga Amurka, inda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota. Ya iske ni a fada bayan la'asar, ana kan shayi na biyu. Muka gaisa, ya zauna bakin benci, aka tambaye shi gida da mutanen can. Da hira ta lafa sai ya matso ya ce: "Mushe, akwai tambayar da na daɗe da ita, kuma kai ka koya mana darasin zafi da matsi."

A garin da yake zaune ya shiga ƙungiyar masu harbin saiti, waɗanda ke zuwa fili na musamman ranar hutu suna harbin takarda da ƙaramar bindiga. Mai harbin ɗari biyu a yini ɗaya yana jin tsadar harsashi a aljihunsa, shi ya sa da yawansu ba sa zubar da kwanson da aka harba. Sukan tsince shi su wanke, su cire tsohon ƙyastu, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi, su sa sabo, su auna albarushi, su dasa sabon kai. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya yi wa kansa haka, akwai shagunan kayan aikin, akwai littattafan awo da kamfanoni ke bugawa. To a 2020 da 2021, lokacin annobar korona, kayan harbi suka yi ƙaranci a Amurka, ƙyastu ya ɓace daga kantuna. Abin da ya samu da ƙyar kwalin ƙyastu dubu ne na magnum, wato mai wuta mafi ƙarfi, alhali littafin awonsa ƙyastu na kullum ya rubuta. Kwalin yana nan ajiye har yau.

"Ai wuta wuta ce, Mushe," in ji shi. "Girmansu ɗaya, rami ɗaya suke shiga. In na sa shi me zai faru?"

Na ba shi amsa gajera a wurin, amma tambayar ta bi ni gida. Sana'ar ta can ce, tunanin da ya haifi tambayar kuwa na san shi tun ina yaro a garin nan, kuma na ga abin da ya yi wa hannun mutum.

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso, albarushin da ke cikinsa, kan da ke fita ta gaba, sai wani ɗan maɓalli zagayayye a tsakiyar gindi wanda bai kai ƙwayar wake ba. Masu Ingilishi suna ce masa firaima, masu Faransanci amorsi. Ni ƙyastu nake kiransa, domin aikinsa ke nan, irin na ƙyastun da kakanninmu ke bugawa a kan ƙanƙara tartsatsi ya kama abduga. Ɗan ƙoƙo ne na ƙarfe mai taushi, an shafa wa cikinsa wani sinadari da ke tashi in an doke shi, a kansa kuma an zaunar da wani ɗan ƙarfe mai ƙafafu. Ni ɗan maƙera ne, na tashi ina jan zuga-zugi gaban mahaifina, don haka ranar da na fara karanta sunan wannan ɗan ƙarfe na ji daɗi ƙwarai: a Ingilishi da Faransanci duka, uwar maƙera suke ce masa. Allurar bindiga ita ce masaba. Ta daki bayan ƙoƙon, sinadarin ya matse tsakaninta da uwar maƙera, wuta ta tashi ta bi wata ƴar huda a gindin kwanso ta iske albarushi.

Dabarar tayar da wuta da duka ta samo asali ne daga wani limamin coci a Skotland, Alexander Forsyth, mai son harbin tsuntsayen ruwa, wanda ya yi wa ƙirƙirarsa rajista a 1807. Kafin shi bindigogi da ƙanƙara suke kamawa. A 1866 mutum biyu suka fito da tsarin da ake amfani da shi har yau. Edward Boxer na Ingila ya sa uwar maƙera cikin ƙyastun kanta, ya bar huda ɗaya a tsakiyar kwanso. Hiram Berdan na Amurka ya mai da uwar maƙera ɓangaren kwanso, hudodin suka koma gefe. Daga baya aka yi musaya: Amurkawa suka rungumi tsarin Baturen Ingila, Turai ta daɗe tana bin na Ba'amurke, kuma yawancin harsasan soja na tsohuwar Tarayyar Sobiyat da na Sin tsarin Berdan ne. Huda ɗaya a tsakiya ita ke sa a iya turo tsohon ƙyastu waje da sauƙi, wannan na cikin dalilan da suka sa sake cika kwanso ya bunƙasa a Amurka. Sinadarin ma ya canza. Na farko na zaiba ne, ya biyo da wani mai barin gishiri a bututu har ya ci tsatsa, sai a 1928 Jamusawa suka fito da haɗi mai dalma wanda ba ya cin ƙarfe, shi ne ya mamaye duniya.

Inda tarkon yake shi ne girma. Ƙyastun Boxer faɗi biyu ne: ƙarami mai milimita 4.45 da babba mai 5.33. A kowane faɗi, na ƙaramar bindiga ya kasu biyu, na kullum da na magnum. Kamfanin CCI yana rubuta 500 ga ƙarami na kullum, 550 ga na magnum, 300 da 350 ga manya. Federal yana da 100 da 200, da 150 da 155. A fakiti lambar tana nan ƙarara. Amma da zarar an zube su a faranti, ido ba ya raba su, ma'auni ba ya raba su, kwanso ma zai karɓi kowanne ba musu.

A dubi yadda masu ƙera makamai suka yi da harsashi kansa. A 1935 aka fito da .357 Magnum, wanda kansa faɗi ɗaya ne da na .38 Special, tsohon harsashi na 1898. Da yake matsin sabon ya ninka na tsohon, sai aka ƙara wa kwansonsa tsawon milimita uku da ɗoriya da gangan, don kada ya shiga tsohuwar libarba, ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, ko da mutum ya yi kuskure. Ƙarfe ya hana hannu yin ɓarna. A wajen ƙyastu babu irin wannan shinge. Abin da ke tsakanin mai cika harsashi da kuskure shi ne lambar da ke kan kwali da abin da ke cikin kansa.

To mene ne bambancin? Ƙyastun magnum yana fitar da wuta mai yawa, mai zafi, wadda ke ɗan daɗewa fiye da ta na kullum, kuma sau da yawa ƙoƙonsa ya fi kauri ko tauri. An yi shi ne don wani irin albarushi. Tun da Paul Vieille na Faransa ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884, aka gano cewa ana iya sarrafa saurin cinsa ta hanyar siffar ƙwayoyinsa da abin da aka shafa musu. Akwai mai saurin ci, ƴan ɓarɓashi sirara da ke kamawa nan take. Akwai mai jinkiri, sau da yawa ƴan dunƙulallun ƙwayoyi da aka lulluɓe da abin da ke rage musu gaggawa. Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san wannan. Busasshen karan gero ashana ɗaya ta ishe shi. Gawayin ƙirya kuwa, wanda mahaifina ba ya yarda da wani in ba shi ba, sai ka sa masa garwashi ka yi ta zuga kafin ya kama, amma in ya kama shi ke narkar da ƙarfe. Harsasai irin .357 da .44 Magnum, in ana son cikakken ƙarfinsu, ana cika dogon kwansonsu da albarushi mai jinkiri, irin H110 da 296. Wannan tulin gawayin ƙirya ne, sai da wuta mai ƙarfi zai kama gaba ɗaya a lokaci guda. Nan ne gidan ƙyastun magnum.

Saboda haka kalmar magnum da ke kan fakitin ƙyastu tana magana ne a kan bukatar albarushi. Ba alkawarin ƙarin ƙarfin harbi ba ce, kuma ba dole ta bi sunan harsashi ba. Akwai awon .357 Magnum da littattafai suka gwada da ƙyastu na kullum, saboda albarushin da aka zaɓa ba ya bukatar zuga.

Yanzu a juya lamarin: wutar da aka tanadar wa ƙirya a kai ta cikin kara. Don a gane haɗarin sai an san girman matsin da ake magana. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2 da rabi. Hukumar SAAMI ta masana'antun makaman Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar .38 Special a fam 17,000 kan kowane murabba'in inci, wato kusan bar 1,170. Na .45 ACP 21,000 ne, kusan bar 1,450. Na 9mm da .357 Magnum 35,000, kusan bar 2,400, ninkin iskar taya sau dubu ke nan, a cikin ɗan ƙarfen da mutum ke riƙe da hannunsa kusa da fuskarsa. Kuma duk abin, daga dukan allura zuwa fitar kai, bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan ba.

Albarushi marar hayaƙi yana da wani hali da shi ne zuciyar maganar nan: saurin cinsa yana ƙaruwa da matsi. In ka zuba shi a fili ka kunna, ci zai yi kawai ya ƙone. In yana kulle, iskar da ya fitar tana ƙara matsi, matsin ya ƙara masa saurin ci, saurin cin ya ƙara matsi. Abin da ke ceto shi ne kan harsashi yana gudu gaba yana buɗe wuri. Tsere ne tsakanin albarushin da ke haifar da iska da kan da ke ba ta hanya. Duk awon da ke littafi sulhu ne aka ƙulla tsakanin waɗannan biyun, kuma ƙyastu ne ke faɗin yadda tseren zai fara. In ya kunna ƙwayoyi da yawa lokaci guda tun kai bai motsa sosai ba, ga kuma tasa iskar da ya ƙara a cikin ɗan wuri, ƙololuwar matsi tana iya zuwa da wuri kuma ta haura sama. Kwanson 9mm milimita 19 ne kacal, wurin da ya rage bayan albarushi da gindin kai kaɗan ne, ƙaramin canji yana nunawa. Ita kuwa tsohuwar libarba mai .38, iyakarta ce a ƙasa, ba ta da rarar da za ta haɗiye ƙari.

Akwai kuma wani abu da mutane ba sa zato. Wani lokaci ƙarfin ƙyastu kan tura kan harsashi gaba kafin albarushi ya kama sosai. Wurin ya faɗaɗa, cin ya rikice, harbi ɗaya ya fita da sauri na biye ya fita da rauni. Wanda ya sa na magnum yana neman ƙarfi, abin da zai samu a nan rashin daidaito ne, kuma ga mai harbin saiti wannan asara ce tsantsa.

Dole in yi adalci ga masu cewa abin bai kai yadda ake zuzutawa ba, domin ɗalibina ya kawo hujjarsu, ya ce abokansa sun yi kuma ba abin da ya same su. Gaskiya ne a haɗe-haɗe da yawa bambancin ƙarami ne. In awon albarushi yana can ƙasa nesa da iyaka, bindigar kuma sabuwa ce mai ƙwari, ana iya canza ƙyastu a harba dubu ba a ga komai ba. Ban musanta wannan ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a mai da shi ƙa'ida. Girman bambancin ya dogara da irin albarushi, yawansa, faɗin kwanso, nauyin kai da zurfin da aka dasa shi, kuma ba a iya lissafa shi a ka. Sunan ma ba abin dogaro ba ne, domin babu wani ma'auni guda da ya ce daga nan ƙyastu ya zama magnum. Na kullum na wani kamfani yana iya kai zafin magnum na wani. Winchester yana sayar da babban ƙyastun ƙaramar bindiga iri ɗaya tak, ya rubuta a kwalinsa cewa na awon kullum ne da na magnum duka. Remington yana da 1½ da 5½, kuma gargaɗinsa a kan ƙarfin ƙoƙo ne: kada a sa 1½ a harsasai masu babban matsi irin .357 Magnum. Wanda ya ce "na gwada, lafiya lau" labarin haɗinsa ya ba ka, da ƙyastun kamfaninsa, a bindigarsa, a ranar da ya harba.

Sai ya ce ai akwai alamomi, ana duba gindin kwanso, in ƙyastu ya baje ko kwanso ya maƙale an san matsi ya yi yawa. Wannan ilimin masu doguwar bindiga ne, kuma ko a can ba cikakke ba ne. A ƙaramar bindiga mai ƙaramin matsi, mutum yana iya wuce iyaka nesa tagulla ba ta nuna komai ba, don tagullar ba ta fara bajewa sai a matsin da ya ɗara na harsashin ƙwarai. Ƙoƙon magnum mai kauri ma yana ƙara ɓoye alamar da ake nema. Na'urar auna gudu da wasunsu ke kafawa a gaban bindiga gudu take faɗi, ba ta ganin ƙololuwar matsi, kuma gudu yana iya ƙaruwa kaɗan alhali ƙololuwar ta tashi fiye da haka. Matsi na gaskiya a ɗakin gwaji ake auna shi, da bututu na musamman da aka huda aka dasa wa na'ura. Shi ya sa kowane awo a littattafan Lyman, Speer, Hornady ko Hodgdon yake zuwa da sunan kwanso da kai da ƙyastun da aka yi gwajin da su. Kuma dukkansu magana ɗaya suke maimaitawa: in ka canza ko da abu ɗaya daga cikin haɗin, gwajin da aka yi bai shafe ka ba, ka koma awon farawa na ƙasa ka hau a hankali, kada ka wuce iyakar da aka rubuta.

Wani abin da nake so a riƙe shi ne ƙarfe yana gajiya. Ɗauki waya ka lanƙwasa ka miƙe, sau ɗaya ba ta karyewa, sau ashirin ta rabu biyu. Bindigar da ake ɗora wa matsin da ya ɗan wuce nata ba lallai ta fashe ranar farko ba. Tsaga ce ke farawa inda ido ba ya gani, tana tafiya kaɗan-kaɗan, har ranar da za ta buɗe da harsashin da bai fi na jiya ba. A ƙasashen da ke bin tsarin CIP, hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi da aka kafa a 1914, duk ƙaramar bindiga sai an kai ta gidan gwaji irin na Liège a Beljiyam ko Saint-Étienne a Faransa, an harba ta da harsashin da matsinsa ya ɗara na ƙa'ida da kashi 30 cikin ɗari, sannan a buga mata hatimi. Wannan rarar an bar ta ne don ranar tsautsayi. Ba gona ba ce da za a riƙa noma kullum.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar. In aka sa ƙyastu na kullum inda albarushi mai jinkiri ke son na magnum, wuta tana iya kamawa rabi-rabi. Ko harbin ya yi jinkiri, mutum ya ja kunama ya ji shiru, ya sauke bindiga yana dubawa sannan ta tashi. Ko kai ya fita da rauni ya tsaya a tsakiyar bututu, kuma in aka bi shi da wani harbi, bututun ya kumbura ko ya tsage. Ƙoƙo siriri a babban matsi yana iya hujewa, iska mai zafi ta dawo baya wajen ido. Haka nan ƙoƙo mai tauri a bindigar da aka sassauta wa sifirin don ta yi laushin ja, allura ta daka ya ƙi tashi.

Sai zancen yanayi, wanda mu a nan muka fi kowa saninsa. Ɗaya daga dalilan ƙyastun magnum sanyi ne: a arewacin Amurka da Kanada, inda ruwa ke daskarewa watanni, albarushi yana nauyin kamawa. Zafi akasin haka yake yi, yana sa yawancin albarusai su ci da sauri matsi ya tashi. Gwajin ƙa'ida a wajen digiri 21 ake yin sa. Maraɗi a watan Afrilu da Mayu tana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka kulle a rana kuwa ba a magana. Ɗalibin nawa yana tuƙi har jihohin kudu masu zafi, na ce masa harsashin da ya yi lafiya a hunturunsu ba shi ne zai ɗauko daga akwatin mota a tsakiyar bazara ba, ko da hannunsa ne ya cika su rana ɗaya.

A nan gida wannan sana'a ba tamu ba ce, kuma ba na fatan ta zama. A Nijar riƙe bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, tun 1994 kuma akwai hukumar ƙasa ta tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, CNCCAI. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji, da dubban ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, sun san abin da yawaitar makami ke jawowa fiye da duk wani mai rubutu. Ba mu da littafin awo, ba mu da sikelin da ke raba ɗan ƙanƙanin nauyi, ba mu da gidan gwaji. Abin da muke da shi bindigar toka ce ta mahalba da ta ƴan bindigar sarki ranar hawan salla, mai cin baƙin albarushi na gargajiya, da kuma wannan magana da ke bakin kowa: na Bature ya fi ƙarfi.

Kawuna manomi ne, yana taɓa halbi da rani. Ina ɗan shekara goma sha biyu wani abokinsa ya ba shi harsasan farauta na kanti guda biyu. Ba shi da bindigar da za su shiga, sai ya farke su ya juye albarushin cikin adakarsa, gwargwadon yadda ya saba zuba baƙi. Baƙin albarushi matsinsa kaɗan ne, shi ya sa bututun da maƙeri ya haɗa ke iya ɗaukarsa shekara da shekaru. Marar hayaƙi a wannan yawan ya ninka shi nesa, har kamfanonin da ke ƙera bindigar ɗure a Amurka suna buga gargaɗi a jikin bututu cewa baƙin albarushi kaɗai. Kawu bai san wannan ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Bututun ya buɗe daidai inda hannunsa na hagu yake. A amalanken shanu aka kawo shi bakin hanya, an naɗe hannun da rawani, rawanin ya jiƙe har yana ɗiga. Babban yatsa da biyu na kusa da shi suka tafi. Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, kuma abin da ban manta ba shi ne yadda yake ɗaure mazagin wandonsa: ya danne gefe ɗaya da dungun hannun a kan cikinsa, ya ja ɗayan da dama, ya kama da haƙori in ya kuɓuce. Da damina ƴaƴansa ke yi masa huɗa, shi yana biye yana zuba iri.

Da aka kawo wa mahaifina ragowar bindigar, ya juya ta a hannunsa ya daɗe yana kallon tsagar, ya ce ƙarfen bai yi laifi ba, an ba shi abin da ba a ƙera shi dominsa ba. Tun daga ranar, duk mahalbin da ya kawo gyara sai ya tambaye shi abin da yake zubawa kafin ya taɓa ta. Tsofaffin ƴan bindiga da na sani suna da ɗan ma'auninsu da suka gada, ba sa ƙarawa ba sa canza iri, kuma in saurayi ya ce a ƙara don ƙara ta fi ta kowa, tsawa suke daka masa. Ba su karanta Vieille ba, amma ƙa'idar da ke littattafan can ita ce a hannunsu. Canjin da kawu ya yi babba ne, na ɗalibina ƙarami, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a duka biyun mutum ya ɗauki abu ɗaya daga haɗin da aka gwada ya musanya shi da wanda ake ce wa mai ƙarfi.

Na ƙara masa da abu biyu da ba su cikin tambayarsa. Na farko dalma. Tana cikin yawancin ƙyastu, tana cikin ƙurar da ke fita in ana wanke kwanso, tana manne wa yatsu. Mu maƙwabtan Zamfara ne, inda gubar dalma daga duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a 2010. Hanyar daban ce, gubar ɗaya ce, kuma shi yana da ƙananan yara a gidan da yake wannan aiki. Na biyu ajiya. Fakitin ƙyastu ɗari-ɗari yake zuwa, an jera su a faranti na roba don kada su gogi juna, saboda in aka tara su a kwalba ko gwangwani ɗaya ya tashi, sauran duka tare za su tashi.

Ya yi shiru yana juya kofin shayi, sannan ya ce: "To Mushe, dubun nan fa? Kuɗi na sa." Na ce masa hanya biyu ce. Ko ya nemi awon da wani kamfani ya gwada ya buga da wannan ƙyastu ɗin da lambarsa, da albarushinsa da nauyin kansa, ya fara daga ƙasa kamar yadda littafin ya ce. Ko ya kai kwalin ƙungiyarsu, inda ba za a rasa mai .357 da ke neman irinsa ba, su yi musaya. Ya ce akwai wani dattijo a cikinsu da ke harbin libarba, wanda shi ma a lokacin ƙarancin ya sayi na kullum don shi ya samu. Bayan ya koma da wata guda ya aiko mini da saƙon murya cewa sun yi musayar, kwali da kwali, kuma ya mai da teburin aikinsa gareji, ya sa masa kwado.